Asibitin Sarki Faisal Da Ciwon Daji

Mu Hausawan Sulai mun taso muna jin ana cewa daji ba ya son ƙarfe. To, jama'a, a nan Riyad akwai Asibitin Sarki Faisal da aka buɗe a 1975, ga jiyya ga bincike. Likitocinsa kan ɗebi 'yar tsoka su duba, sa'an nan su zaɓi fiɗa, ko ruwan magani, ko gashi da haske. Tun 1984 su ke dashen ɓargo ga masu sankarar jini. Amma sai da takardar likita a ke shiga. Saboda haka wadda ta ji ƙullutu a nono kada ta ɓoye, ta hanzarta zuwa asibitin unguwa, gama jinkiri shi ke kisa. Allah ya ba mu lafiya, amin.