Zogale da Teɓa: Abin da Aka Gani a Jikin Ɓera

A Gwandu da Kalgo da wuya a sami unguwar da babu zogale, ko a bayan gida ko a shingen lambu. Da, amfaninsa kwaɗo ne da miya. Yanzu kuwa har garinsa a ke ƙullawa a kai kasuwa, waɗansu masu talla suna cewa wai yana narkar da teɓa. To, maganar tana da asali, amma an ƙara mata gishiri.

Asalinta ɓera ne. Cikin 1949 aka haifi waɗansu ɓeraye a wani gidan bincike na Jackson, can Amurka, ba su ƙoshi ko kaɗan, har nauyinsu ya kai kusan ninki uku na 'yan'uwansu. Masana suka daɗe suna neman dalili. Sai cikin 1994 wani malami, Jeffrey Friedman, da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta birnin Niyok suka gano shi. Ashe kitse ba ajiya ba ce kurum. Yana sakin wani sinadari cikin jini, sunansa leftin, wanda ya ke zuwa ƙwaƙwalwa kamar ɗan aike, ya ce rumbu ya cika, a rage ci. Ɓerayen nan ba su da shi sam. Da aka yi musu allurarsa sai suka rame.

Aka zaci an sami maganin ƙiba, amma ina! Yawancin masu ƙiba leftin ya yi musu yawa ne ma, sai dai ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon, kamar maigidan da ya saba da surutun yara.

Daga nan aka shiga gwada itatuwa. A Masar, cikin 2017, aka ciyar da ɓeraye abinci mai maiƙo har suka yi ƙiba, sa'an nan aka riƙa ɗura musu abin da aka tatso daga ganyen zogale. Nauyinsu ya ragu, leftin ya sauka, wani sinadarin kuma mai taimakon jiki wajen sarrafa sukari, watau adifonektin, ya ƙaru. An yi irin wannan gwaji da zoborodo a wurare dabam dabam.

Sai dai ɗan kasuwa ya lura da abu biyu. Abin da aka ba ɓera ba gari ba ne, an jiƙa ganyen ne cikin sinadari aka tace, aka ƙafe shi, aka auna bisa ga nauyin dabba. Kwanon kwaɗo da ya sha ƙuli da man gyaɗa bai yi kama da wannan ba. Na biyu, ɓera ba mutum ba ne, kuma gwajin da aka yi a jikin mutane kaɗan ne, bai isa a kafa hujja da shi ba. Wanda ya sayar wa mai ciwon sukari ƙullin gari har ya sa shi ya bar maganin asibiti, ya ɗauki alhaki.

Mai turkar rago kuwa kada ya ji tsoro zogale zai ramar masa da dabba. Kusan rubu'in busasshen ganyensa abinci ne mai gina jiki, yana kuwa da amfani ƙwarai da rani, sa'ad da harawa ta yi tsada. A shanya shi a inuwa, a gauraya da dusa. Reshe guda in an kafa shi da damina yakan kama.