Kafin Ka Ce a Yi wa Kwamfutarka Fomatin

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa babbar manhajar Windows 10, shekara goma bayan fitowarta. Windows 11 da ta gaje ta kuwa tana da sharuɗɗa, ciki har da guntun tsaro na TPM 2.0, da ma'adana mai gigabait 64 aƙalla, da injin sarrafawa na baya-bayan nan. Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur 'yan gwanjo da ke ofisoshinmu da shagunan buga takardu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Saboda haka za mu yi ta jin shawarar da masu gyara suka fi saurin bayarwa: a yi mata fomatin, a sake zuba mata manhaja.

Abin da nake son mai karatu ya fahimta shi ne, fomatin na gaggawa ba ya shafe bayanai. Jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake kawai yake sharewa, tamkar a ƙone katunan da ke nuna mazaunin littattafai a laburare, alhali littattafan na nan a kan kanta. Daga nan illa biyu ke tasowa.

Ta farko a kan mai kwamfutar take faɗawa. Da zarar an ɗora sabuwar manhaja, takan hau kan wani ɓangare na tsofaffin fayiloli, abin da ta danne kuwa ya tafi ke nan. Na sha ganin ɗaliban digiri na biyu sun rasa babi uku ko huɗu na kundinsu ta wannan hanya, ana saura makonni su miƙa shi.

Ta biyu ta shafi waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ofishin da ya yi fomatin na gaggawa ya yi gwanjon kwamfutarsa, ya sayar har da sirrin jama'a, domin manhajojin kyauta irin su Recuva da PhotoRec na iya tono abin da ba a danne ba: sakamakon jarrabawa, takardun albashi, bayanan marasa lafiya. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 kuwa ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan a wuyan wanda ya tattara su.

Mafita ba ta da tsada. Kafin a taɓa komai, a kwafe fayiloli zuwa wuri biyu daban-daban, a kuma buɗe su don tabbatar da sun kwafu. A adana kalmomin sirri. Idan kwamfutar za ta bar hannunka, a yi cikakken fomatin wanda ke rubuta sifiri a kan ma'adanar baki ɗaya. Ma'adana samfurin SSD kuma a share ta da manhajar da kamfaninta ya tanada. Windows ɗin da za a zuba a sauko da ita daga shafin Microsoft zuwa filas mai gigabait 8, a guji ta sata wadda ba a san me aka cusa mata ba. Kwamfutar da Windows 11 ta ƙi kuwa ba ta zama bola ba: Ubuntu da Linux Mint kyauta ne, kuma da LibreOffice za a ci gaba da rubutu da lissafi.

Ina kira ga jami'o'inmu da ma'aikatu su samar da rubutacciyar ƙa'ida: kada a goge kwamfuta sai mai ita ya sa hannu cewa ya kwashe kayansa, kada kuma a fitar da ita sai an tabbatar ba ta ɗauke da sirrin kowa.