Dajin Ƙoda da Jinin da Ake Ɗora wa Tsargiya

Daga cikin gaɓoɓin da Allah Maɗaukakin Sarki Ya halitta a jikin ɗan Adam, da wuya a sami mai yawan hidima da ƙarancin ƙorafi kamar ƙoda, domin su biyun nan da ke kwance ƙarƙashin haƙarƙari, dama da hagun ƙashin baya, kowacce ba ta wuce dunƙulen hannun mai ita ba, suna tace ruwan da ya kai kimanin lita 180 daga jini kowace rana, su mayar wa jiki da galibinsa, abin da ya saura, lita ɗaya ko biyu, ya fita fitsari. Saboda wannan haƙuri nata, ƙari yakan tsiro a cikinta ya yi shekaru yana girma, alhali mai shi yana zuwa kasuwa yana zuwa masallaci, bai ji ko ɗar ba.

Wajibi ne a rarrabe tsakanin wannan cuta ta dajin ƙoda da ciwon ƙodar da ke kai mutum ga wanki. Shi daji, asalinsa ƙwayoyin halitta ne na cikin ƙananan magudanan ƙoda suke ƙetare haddi, su yi ta hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba har su dunƙule su zama ƙari. A shekarar 2020 an ƙiyasta mutum fiye da 430,000 ya kama a duniya, kusan 180,000 kuma suka rasu ta dalilinsa. Ya fi kama maza, ninki biyu na mata, galibi waɗanda suka doshi sittin ko suka haura. Sabubban da aka tabbatar kuwa su ne shan taba, da ƙiba, da hawan jini, da daɗewa ana wankin ƙoda, sai kuma gado a wasu 'yan gidaje.

To, mas'alar da ta fi damuna ita ce ta fitsarin jini. Mu mutane ne da muka tashi muna ganin yara masu wanka a kududdufi suna fitsarin jini, har abin ya daina ba mu tsoro, saboda haka idan dattijo ya waiwaya ya ga fitsarinsa ya yi ja kamar zoɓo, sai ya ce tsargiyar ƙuruciya ce ta motsa, ya aiki yaro kemis a sayo ƙwaya, kashegari kuma da fitsarin ya washe ya yi hamdala, ya manta. Alhali jinin tsargiya galibi a ƙarshen fitsari yake ɗigowa, na dajin ƙoda kuwa yakan gauraye da fitsarin duka, ba zafi ba raɗaɗi, ya zo sau ɗaya ya ɓace watanni. Kafin a ce ciwon kwiɓi da kumburin da hannu ke iya taɓawa sun haɗu da shi, tare da rama da zazzaɓin da ba a san kansa ba, sau da yawa al'amari ya yi nisa. A ƙasashen da hoton ciki ya wadata, fiye da rabin masu wannan cuta bisa katari ake gano su, an je neman wani abu dabam. Don haka duk babban da ya ga jini ko da sau ɗaya ne, ya nemi a yi masa gwajin fitsari da hoton ciki, in an ga alama a tura shi wajen likitan mafitsara, irin waɗanda ke asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato.

Maganar da ke yawo a bakin jama'a, wai daji ba ya son ƙarfe, ta halaka mutane da yawa, domin a wannan cuta wuƙar likita ita ce babban magani. Tun 1869 wani likitan Jamus, Gustav Simon, ya cire wa wata mata ƙoda ɗaya ta kuma rayu, aka tabbatar ɗaya mai lafiya ta isa ta riƙe mutum. Yau idan ƙarin ƙarami ne, shi kaɗai ake yankewa a bar ragowar ƙodar; in babba ne a cire ta ɗungum; tsohon da ba zai jure tiyata ba kuwa akan sa allura a ƙone ƙarin ko a daskarar da shi, ko a zuba masa ido ana maimaita hoto. Amma idan dajin ya riga ya yaɗu zuwa huhu ko ƙashi, kemo da aka saba yi wa sauran daji ba ya yi masa tasiri sosai, sai dai ƙwayoyin da suka fara fitowa a 2005 masu toshe jijiyoyin da ke shayar da ƙarin, da alluran da suka biyo baya a 2015 masu zaburar da garkuwar jiki. Suna tsawaita kwana da izinin Allah, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka.

Akwai kuma nau'in yara, wanda wani likita mai suna Max Wilms ya yi bayaninsa a 1899, yana kama 'yan ƙasa da shekara biyar galibi, uwa ce kan fara jin wani tauri a gefen cikin yaro tana yi masa wanka. Shi wannan yana jin kemo ƙwarai, kuma inda ake kai yara da wuri a haɗa musu da tiyata, kusan tara cikin goma suna warkewa.