Horar da Malamai da Tarurrukan Ƙara wa Juna Sani a Makarantun Mishan na Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya tashi a gari irin Dandin Mahe, ko a ƙauyukan Boɗinga da Shagari, makarantun da ya fi sani su ne makarantar allo da Islamiyya da kuma firamaren ƙaramar hukuma. Amma idan ya kammala kwaleji ya fita neman aiki a Sakkwato ko Gusau ko Zariya, zai tarar da wani rukuni na makarantu waɗanda majami'un Kirista suka kafa suke kuma gudanarwa. Su ne ake kira makarantun mishan. Wannan babi ya yi bayanin yadda aka tallafa wa irin waɗannan makarantu ta hanyar horar da malamai da shirya musu tarurruka. Dalilin kawo batun shi ne, tarihinsu ya nuna abu guda a fili: makaranta ba ta wuce ƙarfin malaminta. Wannan kuwa darasi ne da ya shafi kowace irin makaranta, ko ta wane addini ce.

2.0 Shigowar Makarantun Mishan

Manyan ƙungiyoyin mishan da suka fara aiki a Arewa su ne CMS ta cocin Angilika, da SIM wadda jagororinta suka iso a 1893, da SUM wadda aka kafa a 1904, da kuma cocin Katolika. Sai dai ba su sami shiga ko'ina yadda suka so ba. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin jama'a ba. Saboda haka aka taƙaita ayyukan mishan a masarautun Musulmi, sai suka fi yawa a Filato da Kudancin Zariya da Binuwai da Adamawa.

Duk da haka an sami 'yan wurare a ƙasar Hausa. Dakta Walter Miller na CMS ya zauna a birnin Zariya daga 1905, ya buɗe makaranta, kuma a 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa. Daga wannan al'umma ta Wusasa aka sami Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon. A shekarun 1930 kuma aka ba SIM damar kula da asibitocin kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano, inda ake haɗa jinya da koyar da karatu da rubutu. Ita kuwa cocin Katolika, limamanta na ɗarikar Dominikan sun fara aiki a yankin Gusau da Sakkwato a shekarun 1950, kuma Sakkwato ta zama cikakkiyar dayosis a 1964.

A masarautu, gwamnati da En'e ne suka riƙe ilimin boko. Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, sannan Kwalejin Katsina ta biyo baya a farkon shekarun 1920 domin samar da malamai. Ta hanyar makarantun gwamnati ne Alhaji Shehu Shagari ya fito, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya kuma shugabanci makaranta a Argungu kafin ya shiga siyasa. Ke nan hanyoyi biyu ne suka tafi kafaɗa da kafaɗa, kuma dukkansu matsala ɗaya suka fuskanta, wato ƙarancin ƙwararrun malamai.

3.0 Hanyoyin Horar da Malamai

3.1 Ɗalibi a Matsayin Malami

Da farko 'yan mishan sun dogara ne ga ɗalibansu. Yaron da ya fi hazaƙa, da zarar ya iya karatu da rubutu da ɗan lissafi, sai a ba shi aji ya koyar da na ƙasa da shi da safe, shi kuma a ƙara masa darasi da yamma. Daga nan a tura shi ƙauye ya zama malami kuma mai wa'azi a lokaci guda. Wannan hanya ba ta da tsada, kuma ta sa makarantu sun bazu cikin hanzari. Aibinta shi ne, malamin ba ya iya ba da abin da ba shi da shi. Yakan koma ga hadda da maimaici da bulala, yara su riƙa rera abin da ke kan allo ba tare da sun gane shi ba.

3.2 Kwalejojin Horarwa

A Kudu an riga an gano wannan aibi, shi ya sa CMS ta kafa Kwalejin St. Andrew a Oyo a 1896. A Arewa, fitaccen misali shi ne Gindiri a Filato, inda SUM ta buɗe cibiyar horarwa a 1934. Ɗaliban Gindiri sun fito daga ƙabilu masu harsuna daban-daban, don haka Hausa ce ta zama harshen koyarwa. Ana haɗa musu darussan aji da noma da sana'ar hannu, kuma magidanta kan zo da matansu, su ma a koya musu karatu. Daga wannan cibiya aka sami kwalejin malamai da makarantun sakandare da makarantar makafi wadda aka buɗe a 1953. Sauran ƙungiyoyi ma sun kafa nasu kwalejojin, kamar ta SIM a Kagoro da ta Waka kusa da Biu. A irin waɗannan kwalejoji ne ake samun takardar shaidar malanta mai daraja ta uku da mai daraja ta biyu.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin Hausa. Tun da da Hausa ake horar da malaman, dole aka samar da littattafai cikinta. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma G. P. Bargery, wanda ya fara zuwa a matsayin ɗan mishan kafin ya koma aikin gwamnati, ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934. Malaman da aka horar sun ɗauki karatun boko na Hausa sun kai shi garuruwan da ba Hausa ce harshen uwa ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa harshen ya kafu a tsakiyar Nijeriya.

3.3 Tallafin Gwamnati

Kwamitin Phelps-Stokes na Amurka ya zagaya Afirka ta Yamma a 1920 zuwa 1921, ya kuma soki ilimin da bai dace da rayuwar jama'a ba. A 1925 gwamnatin Ingila ta fitar da takardar manufar ilimi ga ƙasashen Afirka da take mulka. Takardar ta amince a ba makarantun mishan tallafin kuɗi, ta ƙarfafa amfani da harsunan gida, ta kuma ba da shawarar a sami malamai masu zagayawa da za su riƙa ziyartar malaman ƙauye suna gyara musu aiki. Tallafin ya zo da sharaɗi: sai mai duba makarantu ya gamsu da ingancin makaranta, kuma yawan malamai masu takardar shaida yana cikin abin da ake dubawa. Ta haka horar da malamai ya zama dole ga duk ƙungiyar da ke son makarantunta su ɗore.

4.0 Tarurrukan Masu Ilimi

Horon kwaleji na 'yan shekaru ne, aikin malanta kuwa na tsawon rayuwa ne. Wannan giɓi ne tarurruka suke cikewa. Ana iya kasa su gida uku.

Na farko, tarurrukan shugabanni. An yi babban taron mishan na duniya a Edinbara a 1910, kuma a wannan shekara ƙungiyoyin da ke aiki a Arewa suka yi nasu a Lakwaja. Daga baya Miyango, kusa da Jos, ta zama mahaɗarsu. A 1926 aka yi taro a Le Zoute ta ƙasar Beljiyam, inda jami'an mulki da 'yan mishan suka tattauna ilimi a Afirka, har da matsayin harshen uwa a azuzuwan farko. A irin waɗannan tarurruka ake daidaita manufa, a raba yankunan aiki, a kuma haɗa hannu wajen fassara da buga littattafai.

Na biyu, kwasa-kwasan hutu. Idan aka rufe makarantu, sai a tara malaman ƙauyuka a babbar tashar mishan na 'yan kwanaki ko makonni, a sabunta musu ilimi, a nuna musu yadda ake shirya darasi da cika rajista da haɗa kayan koyarwa daga abin da ke kusa, kamar kara da tsakuwa da yumɓu.

Na uku, ziyarar mai kula. Shi ne ke bin malami har ajinsa ya ga ko abin da aka koya a taro ya shiga aiki.

5.0 Karɓe Makarantu da Abin da ya Biyo Baya

Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, gwamnatocin jihohi sun karɓe makarantun mishan da dama, har da kwalejojin malamai, aka kuma sauya wa wasu suna. Kwalejin St. John ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, St. Paul ta Zariya ta koma Kufena, Queen of Apostles ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. A 1970 aka kafa Babbar Kwalejin Horar da Malamai a Sakkwato, wadda daga baya aka sa wa sunan Shehu Shagari. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta sa gaba cewa takardar NCE ce za ta zama mafi ƙarancin shaidar malanta. A 1989 aka kafa Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi, a 1993 kuma dokar Majalisar Yi wa Malamai Rajista ta fito.

Daga baya wasu jihohi sun mayar wa majami'u makarantunsu, kamar Legas a 2001 da Anambra a 2011, kuma majami'u sun buɗe sababbi masu zaman kansu. Amma akasarin malamansu yanzu daga kwalejoji da jami'o'in gwamnati suke fitowa. Saboda haka nauyin cusa musu manufar makaranta da ƙara musu ƙwarewa ya koma kan bita da tarurruka. Sashen ilimi na dayosis ko na ekilisiya ne ke shirya wasu. Wasu kuma ƙungiyoyi ne irin su ACSI, ƙungiyar makarantun Kirista ta duniya da aka kafa a Amurka a 1978, wadda ke shirya wa malamai tarurruka da kwasa-kwasai a ƙasashe da dama.

6.0 Siffofin Taro Mai Amfani

Ba kowane taro ke gyara aji ba. Akwai wanda ake buɗewa da jawabai, a rufe da rabon takardar halarta da kuɗin mota, malami ya koma kamar yadda ya zo. Idan aka duba abin da ya gabata, za a ga taro mai amfani yana da siffofi huɗu.

Siffa ta farko, ya taso daga matsalar da ke cikin aji. Misali, idan 'yan aji uku ba sa bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, ko ts da s a rubutu, to wannan shi ne abin tattaunawa.

Ta biyu, a yi aiki da hannu. A kawo yara a koyar da su a gaban mahalarta, kowane malami ya gwada, 'yan'uwansa su yi masa gyara. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Ta uku, a yi shi da harshen da malami ke koyarwa da shi, da kayan da zai samu a garinsu. Bitar da ta dogara ga kwamfuta da majigi ba ta amfanar malamin da makarantarsa ba ta da wutar lantarki.

Ta huɗu, a bi sawu. Shugaban makaranta ko mai dubawa ya shiga aji bayan 'yan makonni, ya ga abin da ya sauya.

Akwai kuma abin da taro ba ya magancewa. Malamin da albashinsa bai kai ya riƙe shi ba, da ya sami horo sai ya bar makarantar ya nemi inda ya fi. Wannan matsala ce da ƙananan makarantu masu zaman kansu ke fama da ita, na Kirista da na Musulmi baki ɗaya. Horo da kyautata albashi tare suke tafiya.

7.0 Kammalawa

An ga yadda makarantun mishan suka tashi daga dogaro ga ɗalibi mai koyar da 'yan'uwansa, zuwa kwalejoji irin na Gindiri, zuwa bita da tarurrukan yau. A kowane mataki, ingancin makaranta ya bi ingancin malami ne. Mai Islamiyya a Dandin Mahe da shugaban makarantar coci a Sakkwato duk tambaya ɗaya ke gabansu: wa zai tsaya gaban yara, kuma wa ya koya masa tsayuwar? Shi kuwa ɗalibin malanta, ya kamata ya san cewa takardar NCE mafari ce kawai. Duk makarantar da ya sami kansa, wajibi ne ya mutunta addinin kowane yaro da ke ajinsa, ya kuma ci gaba da neman ƙarin sani muddin yana riƙe da alli.

Tambayoyin Bita

1. Me ya sa makarantun mishan suka yi ƙaranci a masarautun Arewa a zamanin Turawa?
2. Bayyana amfani da aibin sanya ɗalibi ya zama malami.
3. Ta yaya horar da malamai a Gindiri ya taimaka wa yaɗuwar harshen Hausa?
4. Tsara bitar kwana ɗaya ga malaman Hausa na aji uku, bisa siffofi huɗu da aka ambata.