Tsiron Dawa: Daga Randar Burkutu Zuwa Kwalbar Malt

Dawa ba ta da zaƙi sai ta tsira. Idan aka jiƙa ƙwayarta aka bar ta a wuri mai danshi, wasu sinadarai sukan farka a cikinta su fara mayar da sitaci sukari, domin ciyar da ɗan tsiron da zai fito. Mai kunun zaƙi da ke zuba garin tsiro a kununta da wannan take aiki, ko da ba ta san sunan sinadaran ba. A kansa kuma aka gina burkutu da fito, giyar hatsi da aka daɗe ana dafawa a ƙauyukan Maguzawa na kudancin Katsina, musamman kewayen Malumfashi da Ƙafur, inda dawa ke yi sosai saboda ƙarfin ƙasa da wadatar damina.

Dafa burkutu aikin mata ne, kuma yana cin mako guda ko fiye. Za a jiƙa dawa, an fi son ja, ta kwana a ruwa, a tsame a shanya ta a inuwa, a rufe da ganye ana yayyafa mata ruwa safe da yamma har ta tsira cikin kwana 3 zuwa 5. Sai a busar da ita a rana, a murje saiwar da kan tsiron, a niƙa. Murjewar nan tana da dalili babba. Ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da guba, wadda makiyaya suka sani sarai, shi ya sa suke kore shanu daga gyauron dawa. Murjewa da doguwar tafasa su ke rage ta.

Gwanintar tana wajen dahuwa. Bayan an dama garin da ruwa a randa an bar shi ya kwanta, mai dafawa takan tsiyaye ruwan sama ta ajiye gefe, ta tafasa gasarar da ta kwanta ita kaɗai, sannan ta mayar da ruwan da ta ajiye bayan zafin ya sauka. Masana kimiyyar abinci sun gano hikimar wannan daga baya: sitacin dawa ba ya narkewa sai da zafi mai yawa, zafin da zai kashe sinadaran da ke samar da zaƙin, su kuwa suna cikin ruwan saman ne. Raba su shi ke tserar da su. Daga nan a bar haɗin ya kwana ya yi tsami, a sake tafasawa na sa'o'i har ya yi kauri ya yi duhu. A wannan gaɓar ruwa ne mai zaƙi da ɗanɗano kusa da na maɗi, ba ya sa maye. Sai an zuba masa ragowar tsohuwar dahuwa, mai ɗauke da yis, ya kwana ɗaya ko biyu yana kumfa, sannan ya zama giya.

Burkutu tana da kauri da gurɓi, launinta ja-ja mai duhu, da tsami da warin hayaƙin itace. Fito ya fi ta tacewa da zaƙi. Dukansu ba sa ajiyuwa, domin yis ɗin bai daina aiki ba. Bayan 'yan kwanaki tsami ya kwashe su. Saboda haka ba a taɓa yin fataucinsu zuwa nesa ba, ana dafawa ne don ranar da aka sa: gayyar noma, biki, zaman makoki, ko yanka ga iskoki. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya fitar da littafinsa a 1946, da Murray Last, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Malumfashi tun daga ƙarshen shekarun 1960, suna cikin masanan da suka rubuta rayuwar waɗannan gidaje. Giya tana daga manyan alamomin da suka bambanta Bamaguje da maƙwabcinsa Musulmi, kuma kuɗin sayar da ita na matar da ta dafa ne.

Sana'ar ta ja baya ƙwarai. Musulunci ya haramta duk abin da ke sa maye, Maguzawa da yawa sun musulunta, waɗanda suka shiga ikilisiyoyi irin su ECWA su ma an hana su sha, sannan Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'a a 2000. Amma ilimin tsiro bai tafi da ita ba, kuma ya cancanci a rubuta shi da sunan matan karkara da suka riƙe shi, domin masana'antu sun zo sun same shi ne a hannunsu.

Abin da ya kai masana'antu gare shi shi ne matsin tattalin arziki. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda kamfanonin giya da na lemon malt suka dogara da shi, sai suka koma ga dawa da masara. Irin nan na gajerar kaura mai suna SK5912, wanda ya fito daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, yana cikin waɗanda aka fi amfani da su wajen tsiro. A 2008 kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe masana'antar tsirar da dawa a Aba. Maltina, wadda ta fito tun 1976, da Malta Guinness da ta biyo a 1990, ruwan tsiron hatsi ne da aka ƙara wa sukari da launi, aka dafa a cikin kwalba don kada yis ya yi aiki a ciki. A taƙaice an tsayar da aikin ne a gaɓar da mai burkutu ke da ruwa mai zaƙi a tukunya.

Irin wannan sauyi ya faru a Jamus ma. Garin Braunschweig ya yi suna ɗaruruwan shekaru da wata baƙar giya mai ƙarfi da kauri da ake kira Mumme, wadda jiragen ruwa ke ɗauka zuwa nesa saboda ba ta saurin lalacewa. Daga baya ta rikiɗe ta zama ruwan tsiro mai yauƙi marar maye da ake zubawa a abinci, kafin a sake farfaɗo da mai mayen a shekarun baya-bayan nan.

Ga manomin Funtuwa, Bakori ko Ɗanja, abin da ya rage na wannan tarihi yana kan sikeli ne. Dillalan da ke saye wa kamfanoni a kasuwanni irin su Dandume suna neman dawa iri ɗaya marar gauraye, wadda ta bushe sosai, ba tsakuwa, ba ƙwari, ba ruɓa. Mafi muhimmanci, ƙwayar ta kasance da rai: dawar da aka zuba a rumbu da danshi, ko ta daɗe zafi ya dafa ta, tana iya yin tuwo, amma idan aka jiƙa ta ba za ta tsira ba, kuma masana'antar tsiro ba ta karɓarta.