Gwajin Ji Ta Wayar Tarho

Yara, kun taɓa shiga kasuwar Arzeke ta Parakou tana tsakiyar ci? Ga kukan babura, ga masu talla, ga rediyo. Duk da haka, in Inna ta kira sunanka sai ka waiwaya. Lafiyayyen kunne yana iya tsamo murya ɗaya daga cikin hayaniya. Idan ji ya soma raguwa, wannan ne yakan fara gagarar mutum. A ɗaki yana ji sarai, a kasuwa kuwa sai "Na'am? Me ka ce?"

Masana a ƙasar Holan sun lura da haka. A shekarar 2003 suka soma gwada jin mutane ta wayar tarho. Mutum yana zaune a gida zai buga waya. Sai ya ji wata murya tana faɗin lambobi uku, kamar 2, 5, 8, cikin wata ƙara mai kama da ruwan sama a kan kwano. Shi kuma ya danna lambobin da ya ji. In ya yi daidai, a rage muryar. In ya kuskure, a ƙara ta. Haka za a yi ta yi, sau ashirin da 'yan kai. Cikin 'yan mintoci sai a gaya masa ko jinsa ƙalau ne, ko kuwa ya je ya ga likita. An zaɓi lambobi ne domin kowa ya san su.

Daga baya an yi gwajin da Faransanci. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da irinsa a wayar hannu, mai suna hearWHO, domin manya.

Amma waya ba ta leƙa cikin kunne, don haka ba ta faɗin abin da ya jawo matsalar. Wani dauɗar kunne ce ta toshe shi, wani ruwa kunnensa ke fitarwa. Ƙyanda da hangum ma suna taɓa ji. Sanƙarau, wanda yakan zo da rani a nan arewacin Benin, yana iya kurmantar da yaro gaba ɗaya. Shi ya sa ake yin rigakafi.

To, ko a Djougou kake ko a Parakou, in kana da aboki a aji da sai an maimaita masa magana, kada ka ce taurin kai ne. A gaya wa Malam ya dawo da shi bencin gaba, iyayensa kuma su kai shi asibiti. Kada a zura masa tsinke ko ashana a kunne.