Dabino Ba Ya Son Ruwa? In Ji Wa?

Wani saƙo yana ta yawo a WhatsApp tsakanin masu sabbin gonakin dabino, wai dabino itacen hamada ne, da ya shekara guda a daina ba shi ruwa, domin ruwa yana rage masa zaƙi. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa leƙa gindin dabino ba, ko kuwa ya leƙa bai tona ba.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda ba. Mutum ya ga hoton dabino tsaye cikin rairayi, me zai hana shi gaskatawa? Amma a Bilma da sauran garuruwan Kawar, ruwa yana kusa da fuskar ƙasa, saiwa na sha dare da rana. Haka abin yake a kwarurrukan Manga, wajen Gure da Maine-Sorowa. A lambunan Ayar kuwa daga rijiya ake jawo ruwa a kai masa. Inda babu ruwa a ƙasa babu dabino, sai rairayi zalla.

Babbar bishiya kan sha fiye da lita 200 a rana a tsananin bazara, wato sama da duro guda. Gaskiya ne dabino yana jure ƙishirwa, ba ya saurin mutuwa, kuma nan ne tarkon yake. Mai gona zai ga bishiya a tsaye ya ce lafiya lau, alhali sabon ganye ya ragu. Daga gindin ganye nonon dabino yake fitowa, don haka ƙarancin ganye bana ƙarancin nono ne baɗi. 'Ya'yan da suka ɗauru ma sai su tsumbure ko su zube. Ƙaramin dashe, wanda saiwarsa ba ta nutsa ba, shi kam bazara ɗaya na iya kashe shi.

Ɗan abin da saƙon ya tsinta na gaskiya shi ne: ruwan sama da laima lokacin nuna suna fasa 'ya'ya su ruɓar da su, kuma manoma kan rage ban ruwa dab da girbi. Ragewa ce ta makonni.

Batun da ake cewa takin zamani ma yana kashe dabino kuwa, a'a. Yuriya da aka tula a jikin kututture kan busasshiyar ƙasa ita ke ƙona saiwa. A barbaɗa nesa kaɗan, a bi da ruwa, a haɗa da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Yawan da ya dace kuwa ya danganta da ƙasa da shekarun bishiya, tashar binciken dabino ta NIFOR da ke Dutse ta fi saƙon waya sanin wannan.

Zuba gishiri a gindi don ƙarin zaƙi ɓata ƙasa ne kawai. Shi kuma ƙwallon dabinon Ajwa da aka shuka, duk takin duniya ba zai mai da shi Ajwa ba: kusan rabin abin da ya tsiro daga ƙwallo namiji ne, matan ma kowace da irin 'ya'yanta.